Malam Attahiru, Wanda Aka Yi wa Makoki Yana Raye

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Attahiru a Sifawa ta ƙasar Boɗinga a shekarar 1958, mahaifinsa Malam Husaini manomi, mahaifiyarsa Hawwa'u. Bayan saukar Alƙur'ani da firamare, ya koyi aikin allurar dabbobi a Sakkwato.

Aiki da aure

A 1981 aka tura shi Kajiji, inda ya auri Ramlatu. A can ya saba da mutanen Tungar Marke, 'yan gidaje ƙalilan masu bin addinin kakanninsu, waɗanda maƙwabta ke ƙyamar abincinsu. Shi kam ya ci, ya san babbansu da yaronsu.

Rikicin maƙabarta

A 2009, da albasa ta yi tsada, wasu masu hali suka nemi nome maƙabartar tungar, suna cewa daji ne, domin mutanen ba sa tada tudu a kan kabari. Attahiru ya yi ta zirga-zirga har kwamitin sulhu ya zo wurin, ya nemi a faɗi sunayen waɗanda ke kwance. Mutanen tungar suka ƙi, saboda a al'adarsu ba a ambaton mamaci, wai yana amsawa. Da Attahiru ya ga filin zai salwanta, sai ya ratsa shi da rana tsaka, yana kiran waɗanda ya sani tun suna raye, ɗaya bayan ɗaya. Aka bar musu maƙabartarsu.

Dattijonsu Badaru ya ce masa, "Malam, mun gode. Amma ka kiraye su, sun ko ji ka. Kai nasu na yanzu."

Ƙarshen rayuwarsa

Washegari matan tungar suka yi masa kukan mutuwa. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara amsa sallamarsa a tungar, kuma kowace kaka yakan tarar da ƙwaryar sabon gero a bakin ƙofarsa, irin wadda suke ajiye wa matattunsu. Bai fasa kai ƙorafinsu gaban hukuma ba har bayan ritayarsa a 2016.

Rasuwa

Ya rasu a 2022, aka yi masa sutura a Sifawa bisa sunna. Da aka aika Tungar Marke, suka ce sun daɗe da binne shi. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Abdulaziz, Mariya, Zayyanu da Bahijja. Allah ya haskaka makwancinsa.