Munji, Ina Dutsen da Ka Faɗa a Kai?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, huɗu ga Maris, aka tsinci gawar ɗan'uwana Munji bin Hadi a gabas da tsibirinmu na Karkana, bayan da teku ta janye.

Munji, an ce mana santsi ne ya kwashe ka, kanka ya bugi dutse, cikar ruwa ta same ka a sume. Na ji, ban yi musu a gaban mutane ba. Amma tare muka tashi a gaɓar nan. Gabas taɓo ne da ciyawar ruwa, mutum ya yi ta tafiya ruwa bai wuce gwiwarsa ba. Farin dutsen da muke da shi yana can yamma.

Ba a san ka da abokin faɗa ba. Da mijin Mabruka ya rasu, kai ka riƙa sabunta mata shingen kifinsa da rassan dabino, kana kai mata kamun har gida, kana cewa kifin marayu ya fi naka wayo. Shekarar da gishiri ya cinye gonar zaitun ɗina, ka raba taka biyu, ka hana ni godiya.

Sai da masu kwasar yashi suka zo da jirgin injinsu. Ka tare su a bakin gaɓa, har da Lutfi, mijin 'yarka, da ke nuna musu hanya. Ka ce, "Lutfi, ƙasar da ko tsayin dabino ba ta kai ba kuke ɗurawa a buhu? In ta ƙare, a kan me za ka binne ni?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, teku ce ke cin tsibirin, ba mu ba."

Ka ce za ka kai ƙara birni ranar Laraba.

Lutfi ne ya fara ganin gawarka. Shi ne kuma ya fara ambaton dutse, tun kafin a juya ka. Ban ga komai da idona ba, kuma ina tsoron Allah a kan zato. Amma tun ranar jirgin bai sake fitowa ba, 'yarka Najat kuma ta dawo ɗakin uwarta, ta ƙi faɗin dalili.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya ba ka ladan shahidi. Ya ba Zuhra matarka da 'ya'yanka haƙuri. Najat kuwa, Allah Ya sauƙaƙa mata abin da take ɗauke da shi, Ya ba ta ƙarfin sauke shi tun muna raye. Amin.