Hannun Rigar Wumpini

Ni Ɗankande tela, na unguwar Zogbeli, da bakina na kori abokina daga Tamale. Ba faɗa muka yi ba, wallahi ko musu ba mu yi ba. Shawara na ba shi, wadda ba wanda ya tambaye ni. Adijatu matata ta sha gaya mini baki shi ke yanka wuya, ni kuwa ina ce mata maganar mata ce.

Abokin nawa shi ne Wumpini mai gyaran babur, wanda rumfarsa ke manne da shagona tun gashinmu yana baƙi. Dagomba ne, ɗan wani ƙauye a hanyar Savelugu. Ubansa manomin doya ne, ya rasu Wumpini yana firamare, karatu ya tsaya nan. Aka kawo shi Tamale koyon gyara, ya sha ranƙwashi a hannun maigidansa har ya iya. Yana saurayi ya shiga coci, ta dalilin wani fasto da yake kawo masa wani tsohon babur mai tari. Kawunsa ya yi fushi ya daina amsa gaisuwarsa. Ana nan sai babur ɗin kawun ya lalace ana gobe kasuwa, aka shirya.

Hausa a kasuwa ya koye ta, ni na ƙarasa masa, ko da yake har yau "matata ya gaishe ka" yake ce mini. A cocinsu shi ne tafinta. Fasto ya yi wa'azi da Turanci, shi ya juya zuwa Dagbani, ya ƙara gishiri inda ya ga miyar ta yi lami. Bai taɓa zama komai ba sai mai gyara da tafinta, kuma bai taɓa kuka da hakan ba.

Abin da ya haɗa mu, kwano ne. Kullum da rana Adijatu ta aiko tuwon zafi, ko mu sayi wake da shinkafa, mu zauna a bencin da ke tsakanin shagona da rumfarsa. Ni in yi bisimilla ido buɗe. Shi ya rufe ido ya yi addu'arsa mai tsawo, har da maƙwabta da gwamnati. Kafin ya ce amin na ɗauke babban naman. Ya sani, na san ya sani, bai taɓa gajarta addu'ar ba. Wannan zaman shi ne rabin rayuwata, amma a lokacin da an tambaye ni sai in ce cin abinci ne kawai.

Wata rana ya wanke hannu, ya ƙi tashi, yana ta sosa ƙeya.

"Malam," ya ce. Haka yake kirana don tsiya, don ya san tun ban yi nisa ba na gudu daga makarantar allo. "An buɗe ajin manya a makarantar fastoci ta Gurugu. Ina so in shiga."

Ya zayyana mini hanyoyin. Akwai satifiket, shekara guda, Asabar kawai ake zuwa. Wanda ya gama sai ya riƙa koyar da yara ran Lahadi, ya ja addu'a in fasto ba ya nan. Akwai difloma, shekara biyu, karatun yamma bayan an tashi aiki, ita ce ake naɗa mutum fasto da ita a cocinsu. Sai digiri, shekara huɗu, rabi ta kwamfuta, rabi sai an riƙa zuwa Kumasi.

"Satifiket ɗin zan yi," in ji shi. "Daidai kaina ne."

Nan fa shaiɗan ɗin surutu ya hau ni. Na kira shi yadda yaran aiki ke kiran maigida, na ce, "Haba Massa Wumpini! Da furfurarka za ka je ka ɗauko ƙaramin cikinsu? A wurinmu wa ya taɓa yanka rago don yaro ya kai rabin allo? Sai an sauke! Digiri za ka yi."

Ku ji fa wanda ke magana. Mutumin da bulala ɗaya ta raba shi da allo har abada.

Ya ce digiri ya fi ƙarfinsa, kwamfutar da ya sani ita ce wayarsa mai fasasshen gilashi, kuma Maltiti matarsa ba za ta yarda da zirga-zirgar Kumasi ba. Na ce to. Muka yi ta ja kamar masu cinikin akuya, ina sama yana ƙasa, har muka haɗu a difloma. Na buga ƙirji na ce sallama.

Ga abin da ke kaina. A wurinmu in mutum ya yi karatu ya zama malami, gida yake komawa. Ya share zaurensa, ya shimfiɗa buzu, jama'a su riƙa zuwa suna samun sa, a nan zai tsufa a nan za a yi masa salla. Na ɗauka fasto ma haka ne. Har na hango Wumpini zaune kusa da ni da farar kwala, Kiristocin Tamale suna layi, kowa ya fito sai ya leƙo shagona ya ba da ɗinkin Kirsimeti. Ban tambayi kowa ba. Me zan tambaya, ni da na san komai?

Karatu ya fara. Ya sayi tabarau a kasuwa, irin wanda ake talla a tire, ya riƙa wanke hannu da omo da yashi don kada baƙin mai ya ɓata takarda, ya ɓata ɗin dai. Ranar farko ya tarar malaminsu bai kai babban ɗansa shekaru ba. Duk da haka ya durƙusa ya gaishe shi irin ta Dagomba, yana "naa, naa", malamin ya rasa inda zai sa kansa, shi ma ya durƙusa. A ajin akwai nas mai ritaya, da direban tanka, da wata mai sayar da man kaɗanya da ta fi su duka kai.

Jarrabawar farko ya faɗi warwas. Ya zo benci ya ce shi kam ya haƙura, zai koma satifiket, an ce ana iya sauka. Wannan ita ce ƙofar da Allah ya buɗe mini. Na sa ƙafa na rufe ta da kaina.

"In ka sauka," na ce, "kada ka ƙara sa hannu a kwanona."

Daga nan na zama ɗan sandan karatunsa. La'asar na yi in kore shi, in rufe masa rumfa. Wa'azin gwaji a kaina yake yi, ina taka keke yana ɗaga murya, in ce masa nan ya yi tsawo, nan ba ta shiga jiki ba, wani lokaci in yi gyangyaɗi ya ce wannan ma gyara ne. Na cika Zogbeli da "fastona". Har liman ya tare ni bayan sallar magariba ya ce, Ɗankande, da rabin wannan himmar ka sa a naka karatun da yanzu kai ke jan mu.

Ana saura kaɗan su gama, Maltiti ta shigo shago da farin yadi a leda. A cocinsu sabon fasto doguwar farar riga yake sawa ranar naɗi.

"Baba tela," ta ce, "ka ninka ɗinkin da kyau. Can ƙauyen babu tela."

"Wane ƙauye, Mma Maltiti?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan mijinta. Ta ce ai duk wanda aka naɗa, tura shi ake yi inda babu fasto. Su an ba su wani ƙauye bayan Gushegu, inda da damina babur ma sai an ɗauke shi a ka. Mai satifiket ne ke zama a gida.

Almakashi ya faɗi daga hannuna. Na fita ko takalmi ban sa ba, na same shi ƙarƙashin wani babur.

"Kai, dama ka san za a tura ka?"

Ya fito, ya goge hannu a tsumma. "Na sani tun ranar farko, Malam. Na ɗauka kai ma ka sani."

"Ina zan sani? Coci nake zuwa?"

Ya ce shi ya sa ya so satifiket. Ba kansa ne ƙarami ba, tsoro yake ji. Ya ce ya taɓa raka fasto ƙauyen, Kiristocin wurin ba su cika rumfa ɗaya ba. Wata damina tsohuwarsu ta rasu, ruwa ya cinye hanya, suka jira fasto har suka gaji, suka binne ta ba wanda ya iya yi mata addu'ar da ta roƙa. Tun da ya ji labarin abin yake cin sa, amma ya kasa cewa ga ni.

"Kai ka cire mini tsoron," in ji shi. "Allah ya yi amfani da bakinka."

Bakina! Na ji haushi, na ji kunya, kuma gaskiya na ji tsoro, irin na yaron da uwarsa ta shige masa cikin kasuwa. Na koma shago na zauna ina kallon yadin.

Washegari na fara yabon satifiket. Na ce ai ni da na sake tunani, ƙanƙan da kai ya fi, manyan bayin Allah ba su son muƙami. Ya yi dariya har tabarau ya zame. Ihu bayan hari ke nan.

Sai na ɗauko makamin da kowane tela ya gada. Ya leƙo ya ce rigarsa fa, in ce gobe. Goben ta zo, an ɗauke wuta. Wata goben, zaren bai dace da yadin ba. Wata kuma allura ta karye, kamar ita kaɗai ce a Ghana. A raina wai in babu riga babu naɗi. Dattijo da ni, mai jikoki.

Adijatu ce ta fasa ƙwan. Ta ce, "Maigida, sabo turken wawa. Kana tsammani coci guda za ta tsaya don kai? Maltiti ta ce in ba ka yi ba za ta kai wa wani tela a unguwar Nyohini."

Nyohini! A naɗa Wumpini cikin ɗinkin wani, ina raye? Da hantsi na shimfiɗa yadin na yanka. Ban taɓa ɗinki irin wannan ba. Na ninka kowane layi, na yi wa wuyan shafi, na sa aljihu a ciki don tabarau. Da na zo hannu sai na tsaya. Tsawon hannun Wumpini na san shi ba tare da tef ba, ni nake masa ɗinki tun na aurensa. Na ƙara taƙi guda a kowane hannu, ina sane, na ɗinke.

Ranar naɗi na sa babbar rigata na tafi, na zauna can baya. Su tashi ina zaune, in miƙe su zauna, har wata tsohuwa ta riƙa jan rigata tana ba ni alama. Aka kira shi, manyansu suka ɗora masa hannu a ka. Ya juyo ya ɗaga hannuwa zai sa wa jama'a albarka, sai ga hannun riga ya haɗiye yatsunsa yana reto. Na ji wata a gabana tana raɗa, "Wane tela ne ya yi wannan aika-aika?"

Ba ta daɗe tana jira ba. Wumpini ya ce akwai wanda zai gode wa, Musulmi ne, shi ya hana shi sauka lokacin da ya faɗi, shi ne kuma ya ɗinka wannan rigar da hannunsa. "Ɗankande tela, na Zogbeli. Malam, tashi su gan ka." Coci guda ta waiwayo ana tafi. Ɗinkin Kirsimetin da na ci buri a kai, a wurin na yi masa ban kwana.

Ran tafiya da safe suka ɗaure kaya a babur mai ƙafa uku, katifa a sama, Maltiti a gefe da tukwanenta. Rumfar ya bar wa babban ɗansa. Ya shigo shagona da rigar a ninke.

"Malam, hannun ya yi tsawo."

"Na gani. Kuskure ne."

"Tun aurena kake mini ɗinki," ya ce. "Ba ka taɓa kuskure ba."

Na yi kamar ina neman wani abu a cikin gwangwanin maɓallai. Ya ajiye rigar a kan teburina, ya daɗe bai ɗauke hannunsa daga kanta ba.

"Yaushe zan zo in karɓa?"

"Gobe," na ce.

Ya yi dariya, ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu. "To. Zan riƙa zuwa ina tambaya."

Da rani ya cika alkawari. In ya shigo gari sayen kayan gyara, don can ma bai bar taɓa babur ba, sai ya biyo ya tambayi rigarsa, in ce gobe, mu ci tuwo. Da batakari, rigar saƙi ta Dagomba, yake wa mutanen ƙauyen wa'azi, ya ce sun fi son sa a haka. Rigar tana nan rataye a ƙusa bayan kekena, ban taɓa ta ba, ba kuma zan taɓa ba.

Yanzu damina ta sauka, hanya ta yanke. Jiya ya hau tudu inda waya ke kamawa ya kira ni, ya ce ya yi jana'izar wani tsoho, ruwa na zuba, amma an yi masa addu'arsa cikakkiya. Sai ya ce, "Rigata fa, Malam?" Na ce, "Gobe, Fasto." Layin ya katse.

Da rana Adijatu ta aiko kwano, da nama babba a sama. Na fito benci na yi bisimilla, na tsaya jiran a rufe ido in ɗauka. Har tuwon ya huce ina jira.