Katangar Inna Murjanatu

Ni birkila ne, sunana Ɗantsoho. Kafin a ba ni cokalin gini a hannu, abin da aka fara koya mini shi ne ba a hawa katanga ko soro sai an aika gidajen maƙwabta an ce za a hau, mata su kimtsa. Wanda ya hau bai faɗa ba, ranar zai sha zagi, wani lokacin har da mari. A haka na tashi na samu Daura.

Inna Murjanatu maƙwabciyata ce. Daga wani ƙauye na wajen Mashi aka kawo ta aure. Mijinta Maliki ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata da tsakar gida mai faɗi, kuma da wannan tsakar gidan ta riƙe su. Nan take shanya gyaɗa, nan take matse mai, nan take toya ƙuli-ƙulin da ake sara a kai har Kongolam. Duk wanda ya taɓa zama gaban kasko da bazara ya san ba a wannan aikin da hijabi. Ɗaurin ƙirji take yi, kai ba ɗankwali, don gidanta ne, katanga ta kewaye shi.

Sai Alhaji Mansur ya sayi kangon da ke jikin gidanta, ya ce zai yi bene hawa uku na haya. Maginansa sun aiko ranar da za su hau, ba zan yi musu ƙarya ba. Inna ta zura hijabi ta ci gaba da suya, tana cewa ai na ɗan lokaci ne. Da aka gama sai ga tagogi jere da baranda, duk sun fuskanci tsakar gidanta, har bayin da ba shi da rufi. Magini in ya hau yana saukowa. 'Yan haya kuwa sun hau ne ba ranar sauka, kuma babu wanda ya aiko.

Na raka ta wurin mai unguwa. Alhaji ya zo da fara'a, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ita uwa ce a wurinsa, kunyarta kunyarsa ce. Ya ce zamani ne ya zo da haka, a Abuja kowa taga na kallon taga, amma zai toshe na ɓangarenta. Na ce ya kawo bulo da siminti kawai, aikin a kaina. Ya ce bayan salla. Ƙarama ta wuce, babba ta wuce.

Mutum ɗaya ce ta yi wani abu, Nkechinyere, matar Jude mai sayar da kayan babur, da ke hawa na biyu. Ba wanda ya roƙe ta. Ta manne gilashinta da takarda, ta haƙura da iskar. Samarin hawa na uku kuwa a baranda suke wuni da wayoyi a hannu. Ko suna kallo ko ba sa kallo, 'yan matan Inna sun daina fitowa tsakar gida sai a lulluɓe kamar masu zuwa kasuwa.

Wata ranar Talata wuta ta lashi gefen hijabin Inna tana kwashe ƙuli-ƙuli. Hannunta ya ƙone daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Da ta dawo daga asibiti ba ta koma wurin mai unguwa ba. Ta sayar da tumakinta ta kira ni.

"Ɗantsoho, ɗaga mini katangar nan. In bulo ya ƙare ka ɗora kwano."

Na gaya mata gaskiya, gabas ce za ta toshe, rana ba za ta ƙara shigo mata da safe ba, gyaɗa ba za ta bushe ba. Ta ce ta sani.

Kafin na hau, na aika gidan benen na ce za a hau, mata su kimtsa.

Muna ɗora kwanon ƙarshe sai ga motar Alhaji. Yau babu durƙuso. Ya tsaya a ƙofar zaure yana cewa an tare wa 'yan hayarsa iska, ɗakuna sun yi duhu, wasu har sun fara maganar tashi. Ya ce da an jira shi, ai yana kan shiri. Inna ta fito ta janye hijabi ta nuna masa hannun.

"Alhaji, wannan ne jiran da na yi maka. Ka ce ni uwarka ce. Uwarka za ka buɗe wa taga a kan bayinta?"

Ya ce ba haka ake magana ba, zai koma wurin mai unguwa. Ta ce ya gaishe shi.

Har yau tagoginsa suna nan, bai sa musu bulo ko ɗaya ba. Gyaɗar Inna a ƙofar gida ake shanya ta yanzu, ana faman korar awaki. Hayaƙi na taruwa a tsakar gidan har ido ya yi ja, rana ba ta leƙowa sai kusan azahar. Amma 'yarta ta gaya wa matata cewa hijabin yana rataye a ƙusa, kuma Inna ta koma suya da ɗaurin ƙirji.