Jan Fentin da Aka Sirka da Ruwa

Shekara ashirin da shida Burushi ya yi yana wa hukumar gari fenti. Shi ke ja farin layi a bakin makarantu, inda yara ke tsallaka titi, kuma yakan tsaya ya harari duk direban da ya taka layin kafin ya bushe. "Doka ce," yakan ce. "Ba don ita ba, da motoci sun gama da 'ya'yan mutane." Gaskiya ya faɗa.

Sai aka fito da wata dokar: duk gidan da ba shi da sabuwar takardar fili, rushe shi za a yi. Takardar kuwa, ofishin da ke bayar da ita bai fara buga ta ba tukuna. Aka miƙa wa Burushi da abokin aikinsa Gajere jan fenti, kowa da layinsa, su yi wa gidaje alama don mai katafila ya gane. Gida na goma sha huɗu a layin Burushi na yayarsa ne, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar uwarsu.

Gajere ya dire gwangwaninsa a teburin shugaba, a gaban kowa. "Ranka ya daɗe, farin layi kam na ja shi, don rai yake tsarewa. Wannan kam ba da hannuna ba. A kore ni." Kafin la'asar aka cika masa burinsa.

Burushi ya ce wannan gaggawa ce, shi da dabara zai bi. Ya tsinka fentin da ruwa. Rusau sai bayan sati uku, ga damina a bakin ƙofa. Ruwa ɗaya zai wanke alamar, katafila ta zo ta rasa inda za ta sa baki. Hukuma ta ga alama, Allah ya ga zuciya, albashi kuma ba a taɓa shi ba.

Yana cikin zana bangon, sai Yaya ta fito.

"Auta, hannun da na koya wa riƙe cokali, yau shi ne a bangona?"

"Kwantar da hankalinki, Yaya. Rabinsa ruwa ne."

"Madalla. Katafilar ma rabinta ruwa ce?"

A shekarar ruwa ya makara. Ya sauko kwana huɗu bayan rusau, ya wanke ɓaraguzan tas.

Layin Gajere kuwa ya zauna ba alama. Kafin a samo wanda zai maye gurbinsa, labarin korarsa ya zaga gari, matan layin suka fito da tabarmi suka zauna a tsakiyar titi. Aka kama wasu, aka sake su, aka dakatar da dokar don a sake nazari. Har yau ana nan ana nazarin. Layin Burushi kaɗai aka rushe, domin shi kaɗai aka gama wa aiki a kan lokaci.

Ranar ritaya aka ba shi takardar yabo: bai taɓa ƙin aiki ba. Matarsa ta sa a gilashi ta rataye a falo. Shi ya sauke, ya tura ƙarƙashin gado.

Yaya ta ƙarasa rayuwarta a ɗakinsa na baya, mai taga ɗaya. Ba ta taɓa tada maganar gidan ba. Sai dai in an kawo mata shayi ya tsinke, ta leƙa kofin, ta tambayi matarsa, "Auta ne ya haɗa?"

Shi kuwa sai ya nemi takalminsa ya fita.