Akwatin Motar Ja'afaru

A unguwar Jarwal ta Makka in ka tambayi gidan Ja'afaru Mai Wanet, ɗakin katako za a nuna maka, wanda har yau akwai baƙin rubutun Turawa a jikin allunansa, wasu ma a juye.

A Sudan aka haife shi, iyayensa na kan hanyar Hajji da ƙafa. Shekara tara ya yi yana dako a tashar jirgin ruwa ta Jidda, sannan ya yi sha ɗaya yana tuƙa motar wani. Bai iya karatun takarda ba. Matarsa Shatu kuwa soyayyar gyaɗa take sayarwa a bakin titi, kuma ita ke binne abin da suka tara a tulu. A shekarar 1374 ta hijira kuɗin ya cika riyal dubu takwas na azurfa, daidai farashin da Shehi Salim, dillalin motoci a hanyar Jidda, ya faɗa masa na sabuwar wanet, ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya. Saura sati uku a hau Arfa. In motar ba ta shigo hannunsa kafin alhazai su cika gari ba, aikin shekara ya wuce shi.

Ya zuba kuɗin a jaka takwas, ya ɗora a kan jaki ya tafi. Aka ƙirga, aka ba shi shayi, sannan magatakarda ya miƙo takarda.

"Dubu takwas da ɗari shida da hamsin, ya Hajji," in ji Shehi Salim.

"Jiya dubu takwas ne. Haihuwa ta yi cikin dare?"

"Wancan kuɗin mota ne. Wannan rusum ne, 'yan caje-caje. Kowa na biya."

Ja'afaru ba shi da ko riyal goma bayan abin da ke kan teburin. Ya tuna hannun Shatu da zafin kasko ya dafe. Ya ajiye kofin shayin ya ce a karanta masa, layi bayan layi.

Magatakarda ya karanta: sauke mota daga jirgi, ɗari biyu. Tayar ajiya, ɗari da hamsin. Akwatin katako da motar ta zo a ciki, ɗari uku.

Ja'afaru ya yi 'yar dariya. "Ya Shehi, kafaɗar nan ta sauke irin akwatunan nan sun fi ɗari. Mu takwas muke kamawa, kuma ban taɓa ganin ranar da muka raba riyal ashirin ba. Ɗari da tamanin ɗin aljanu ake ba wa? Tayar kuma a ɗaure take zuwa cikin akwatin, ita da jak. Da hannuna nake kwance ta. Tun daga can take tare da uwarta."

"Ka zo sayen mota ne ko wa'azi?"

"Na zo sayen mota. Ribarka halal ce, ban hana ka ba. Amma ka fito da fatura, takardar da kamfani ya aiko maka, mu ji abin da ka biya da abin da ke ciki."

"Fatura ba ta mai saye ba ce. Balle ɗan dako."

Ja'afaru ya miƙe. Ya sunkuya ya ɗauki jaka huɗu, biyu a kowace kafaɗa, kamar zamanin tasha, ya nufi inda jakinsa yake. Ya san babu wata wanet a Makka sai bayan Hajji. Ya dawo ya kama sauran huɗun.

Akwai wani dattijo a zaune yana jiran nasa motocin, Shehi Yunus, mai saukar da alhazai, wanda ya zo sayen guda biyu. Shi ne ya gyara zama ya ce, "Salim, ni ma ɗari shida da hamsin ka rubuta mini, sau biyu. Ɗauko faturar nan mu sha labari."

Aka ɗauko. Da Turanci take, magatakarda ya riƙa fassarawa muryarsa na raguwa. Mota da tayar ajiya da jak da akwati, duk kuɗi ɗaya. Kuɗin jirgi da na kwastan da na saukewa suna takarda ta biyu, kuma ko an haɗa su duka, dubu takwas ta bar wa Shehi Salim riba mai kauri.

Shehi Salim ya karɓi alƙalami ya soke layukan uku da kansa. "Ɗauki motarka ka tafi, Allah ya raba mu lafiya."

"Amin. Saura akwatina."

"Wane akwati kuma?"

"Wanda aka karanta yanzu. Yana cikin kuɗin da na biya. Na ga allunan a jingine a bayan shago, kafinta na auna su."

Shehi Yunus ya yi dariya har da tari.

Da la'asar wanet ta shigo Jarwal, kayanta na farko allunan akwatinta, jaki na biye a baya. Shatu ta leƙo ta dubi motar, ta daɗe tana duban katakon, sannan ta kira shi da sunan 'yarsu, irin kiran Larabawa.

"Abu Ramlatu, mota na aike ka saye ko itace?"

"Motar ta alhazai ce. Wannan naki ne. Kin gama kwana a ƙarƙashin rumfar buhu da gwangwani."

Wanet ɗin ta yi Hajji tara kafin ta mutu a hanyar Mina. Ja'afaru ya tsufa yanzu, ba ya tuƙi. Amma duk ɗan unguwar da zai sayi mota sai ya biyo ta ɗakin katakon, shi kuwa ya jawo sandarsa ya bi shi, ya zauna a shagon dillali ya ce a karanta, layi bayan layi.