Wannan Ai Shayi Ne

Shekarar da ƙanƙara ta tsayar da motocin Stockport Road, wato shekarar da aka ɗauko ni daga Yawuri zuwa ƙasar Turawa in yi wa matar ɗana wankan jego, a nan ne ƙanena Sule ya shiga ƙungiyar masu nutso. Ai kun san halinsa. Duk ruwan da ya gani, ko na famfon masallaci ne a tsakiyar hunturu, sai ya tsoma yatsa ya ce, "Wannan ai shayi ne!"

Mu jinin masunta ne, kuma ba a kai wa gidanmu a ruwa. Sule ya yi boko ya zama injiniya, amma ruwa bai sake shi ba.

Can wajen Birmingham suke zuwa, wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika. Riga iri biyu gare su: akwai siririya ta roba, ruwa ya shiga ya kwanta maka a jiki, akwai mai kauri wadda ko ɗigo ba ya taɓa fata. Baturen da ke koya musu ya ce wa Sule ya nemi mai kaurin. Sule ya ce, "In shiga ruwa in fito a bushe? To me na je yi? Ai gara in zauna a falo!"

Man kaɗanya yake shafewa da shi kafin ya sa siririyar, yadda ubanmu ke yi. Ni nake sa a kawo masa daga gida. Rannan ya lafta har goshi, gilashin ido na nutso ya ƙi zama, yana ta sulɓewa. Bature ya tambaye shi mene ne wannan. Ya ce, "Rigar gado ce. Ba ta da zif."

Sau ɗaya na bi su, ni da matar Sule da 'yarsa Hafsatu. Ya fito leɓe ya yi shuɗi, haƙora kaf-kaf-kaf. Na ce, "Sule, lafiya?"

"Tasbihi suke yi, Yaya."

Aka miƙa masa shayi, hannu na rawa har yana zuba. Wai sukari yake motsawa!

To, ga inda nawa laifin yake. Da sallar layya 'yarsa Hafsatu ta kawo masa mai kaurin nan, sabuwa dal. Ta ce, "Baba, don Allah. Ka fa wuce sittin." Na ga ya shafa rigar, ya sake shafawa. Sai ya ɗago ya dube ni. Ni kuwa bakina bai iya shiru ba, ga baƙi cike da falo. Na ce, "Ubanmu da ɗan bante ya yi shekara hamsin a kogi." Aka yi dariya. Sule ya rataye ta bayan ƙofa. Tana nan har yau, takardar kanti ma ba a cire ba.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi. Likita ya ce ba ruwan nutso a ciki. Shi ya sani. A asibiti, bargo uku a kansa, ya kamo hannuna.

"Yaya, sanyi nake ji."

"Zazzaɓi ne, zai wuce."

"A'a. Tun ranar da na sauka ƙasar nan nake jin sa."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya yi murmushi. "Ke kike ba mutane labarina. In ƙaryata ki?"

Ranar da ya rasu, da za a yi masa wanka, na tsaya bakin ƙofa na ce wa mazan ba za a zuba masa ruwa ba sai na taɓa. Suka miƙo bokiti. Na ce a ƙara na zafi. Suka ƙara. Na tsoma yatsa, na ce, "Yauwa. Wannan shi ne shayi."

Cikin waɗanda suka tsaya bakin ramin nan ranar da na bi su, Bature ya rasu, matar Sule ta bi mijinta bara. Saura Hafsatu, sai ni mai dogon baki.

Allah Ya jiƙan ka, Sule. Kowa ana roƙa masa sanyin kabari. Kai dai Allah Ya ba ka daidai yadda jikinka ke so. Ni kuma ka yafe mini.