Waken da Aka Kulle a Kabad

Innarmu ta yi shekara ashirin da uku tana koyar da 'yan aji ɗaya, kuma duk tsawon shekarun ban taɓa ganin an yar da gwangwanin madara a gidanmu ba. Ni ce mai wankewa, ƙanena mai huda gindinsu da ƙusa. Har maƙwabta Malama Mai Gwangwani suke ce mata, ita ko a jikinta.

Kowane yaro a ajinta yana da gwangwaninsa. Shi zai cika da ƙasa, ya tura wake da yatsa, ya jera a bakin taga. Da safe suna ba shi ruwa suna waƙar da ta ƙirƙira musu: iri na son ƙasa, iri na son ruwa, in ya ga rana sai ya yi dariya. Muryar Inna kuwa, Allah na tuba, sai dai haƙuri. Amma yaran kamar su tsage rufin.

Sai aka kawo sabon hedimasta, mutum mai son tsit. Ya ce ajinta ya zama kasuwa, iyaye suna ƙorafin ƙasa a rigunan yara, littattafai kuma fayau babu rubutu. A koma allo, a kwafa, a haddace. Inna ta ce yaron da bai iya riƙe fensir ba, me zai kwafa? Washegari ya sa aka kwashe gwangwanayen talatin, waken ya fara leƙowa ke nan, ya kulle su a kabad ɗin ofishinsa. Ya kuma gargaɗe ta: in ta sake, zai karɓe ajin ya tura ta sito gadin littattafai.

Mako guda Inna ta koma allo kamar yadda ya ce. Mun ɗauka ta saduda, har na ji haushinta. Ashe kwanaki take ƙirgawa, ta kuma ɓoye gwangwani biyu a bayan taga suna shan rana.

Ranar ta takwas ta jero yaran har ƙofar ofis, biyu na gaba riƙe da waken bayan taga, kore shar. Ta yi sallama, ta ce yara sun zo duba kayansu. Ganin malamai sun fito kallo, hedimasta ya buɗe kabad ɗin. Waken ciki ya yi zaƙo-zaƙo, fari fat, duk ya langaɓe. Ta tambayi yaran me ya same shi. Wata 'yar mitsitsiya mai giɓi ta ce bai ga rana ba.

"Mun gode, ranka ya daɗe," in ji Inna. "Na daɗe ina neman wuri mai duhu irin wannan ban samu ba."

Wani malami ya fashe da dariya, dariyar da ta jawo mata. Kafin a tashi takarda ta fito, aka ba ta makullin sito.

Yanzu wata huɗu ke nan tana kaɗe ƙurar littattafai. Ta rame. Sito yana jikin ajinta, tana jin yaranta suna maimaita abin da ba su gane ba. Hedimasta ya aiko cewa in ta sa hannu a takarda cewa hanyarta kuskure ce, gobe ta koma.

Ni na kawo mata takardar da biro. Na ce, Inna, don Allah ki sa, sa hannu ne kawai, kewar yaran nan za ta kwantar da ke. Ta karanta har ƙasa, ta cire tabarau ta share hawaye, ba ta ma ɓoye min ba.

"Ina kewarsu, kamar in mutu," ta ce. "Amma yara talatin sun gani da idonsu. In koma in ce musu me, ƙarya suka gani?"

Ta ninke takardar ta miƙo min, ta ce in mayar masa da bironsa.